Littafin da muke ɓoyewa a Damagaram, a nan sashe guda aka ware masa

A farkon bara na ɗaukar wa kaina alkawarin karanta littafi biyu duk wata. Ina zaune a Liyon ta ƙasar Faransa, ina aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma shekaru sun shuɗe ban kai ƙarshen littafi ko ɗaya ba. Na tattaro manyan littattafan tarihi da siyasa na jera a bakin gado. Watan Maris ya kama ina shafi na 80 a na farko. Wadda ta yini tsaye tana ɗaga tsofaffi tana kwantarwa, in ta buɗe irin wannan littafi, barci ne ke riga fahimta isowa.

Wata ma'aikaciya a laburaren Part-Dieu ce ta nuna mini sashen matasa. Na ji nauyi, ni da na haura arba'in. Duk da haka na ari ɗaya, labarin yarinya 'yar shekara 16 da ke yi wa mahaifiyarta tafinta a asibiti. Kwana huɗu na gama shi, duk a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, tafiya da dawowa. Babi gajere ne, kafin a kai tashata na cinye ɗaya. Marubucin ba ya jan rai, tun shafin farko an shiga magana. Kuma abin da ke ciki ba wasan yara ba ne: maraici, baƙunta, tsangwama a makaranta, son farko. Shekara ta ƙare na karanta 26, 19 daga ciki na matasa ne. Littafin tarihin nan ma na ƙarasa shi a Disamba, domin ido ya riga ya saba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ai mu ma muna da irinsu. Duk wadda ta yi ƙuruciya a Damagaram a shekarun 1990 ta san 'yan siraran littattafan nan na soyayya da ake kawowa daga Kano, kashi na ɗaya, na biyu, na uku. Muna karɓar haya a wajen wani mai tebur kusa da Kasuwar Dole, dala biyar kwana guda. Littafi ɗaya sai ya zaga gidaje goma a Zango kafin ya koma, bangonsa ya yi laushi kamar tsumma. A lakwal da Faransanci aka koya mana komai, babu mushen da ya taɓa zaunar da mu ya nuna mana yadda ake karanta Hausar boko. Waɗannan littattafan ne suka koya mana. A cikinsu na fara bambance ƙ da k, ɗ da d.

Amma a ɓoye muke karantawa. In na aro littafin Faransanci a laburaren CCFN, wato cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, a hannu nake riƙo shi har gida, ana sa mini albarka. Na Hausa kuwa cikin zane ake soke shi. Ranar da goggona ta kama ni da ɗaya, murhu ta jefa shi, ta ce ɓata tarbiyya ne. Kuɗin mai haya na yi mako biyu ina tarawa.

A nan kuwa, tun 1984 ake baje kolin littattafan yara da matasa duk shekara a Montreuil, gefen Paris. Tun 1988 akwai kyautar Goncourt ta 'yan lise, ɗaliban da kansu ke karantawa su yi muhawara su zaɓi gwani. Kada a ɗauka sakaci ne ya sa haka, suna da doka tun 1949 mai sa ido kan abin da ake bugawa don yara. Ashe damuwar goggo ba ta ƙauyanci ba ce, kowace al'umma tana da ita. Ni ma na ga rubuce-rubucen da ke yawo a WhatsApp yanzu waɗanda ba zan so 'yata ta gani ba. Inda muka bambanta, su babba yakan karanta ya tace, mu kuwa mukan haɗa mai kyau da marar kyau mu yi musu kuɗin goro. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. To me 'yar shekara 15 za ta karanta da harshen, in duk labarin da ya shafi rayuwarta abin kunya ne?

Akwai abin da Damagaram ta fi su, kuma ina kewarsa ƙwarai. Mu a taro muke karatu. In aka ɗauke wuta, mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ɗaya ta haska tocila tana karantawa, saura suna gardama ko ya dace yarinyar ta bijire wa zaɓin iyaye. A nan littafi ya fi ƙarfin ƙirga, amma in na rufe shafin ƙarshe ba ni da wanda zan ce wa "kin ga abin da ya yi mata?"

Shi ya sa bana na jawo 'yar yayana da ke unguwar Birni a Damagaram cikin alkawarin. Ita ta karanta na Hausa, ni na nan, ran Juma'a mu tura wa juna saƙon murya. A mako na biyu ta ce, "Goggo, don Allah kada Baba ya ji." Daren nan na kira shi. Na ce, "Yaya, ni na sa ta, kuma duk wanda za ta karanta sai ta fara turo mini na duba." Ya yi shiru jim, sannan ya tambaye ni nawa ake sayar da littafin yanzu. Jiya ta aiko mini hoton guda uku da ya sayo mata, a kan tabarma, a tsakar gida.