Wai "ƙara ƙarfin garkuwar jiki"

Jiya a tasha wani mai tallan magani ya cika mana kunne da lasifika, wai kwalba ɗaya za ta ninka ƙarfin garkuwar jiki. Ban tanka ba, amma maganar ta biyo ni har gida. A ganina kalmar nan ta "ƙarfi" ce ta hana mu fahimtar yadda jikinmu yake aiki.

Ku duba asibitin masu saran maciji na Kaltungo. Allurar da ake yi wa wanda kububuwa ta sara, daga jinin doki ko tunkiya ake tace ta. Antibodi ne, wato sinadaran kariya da jikin dabbar ya ƙera. Tana ceton rai, babu tantama. Sai dai jikin wasu yakan gane baƙo ya shigo, bayan mako ɗaya ko biyu sai ga zazzaɓi da ƙuraje da ciwon gaɓoɓi. Tun 1905 wasu likitoci biyu a Ostiriya, Pirquet da Schick, suka bayyana wannan ciwo.

To me ya hana jikinka yi wa naka antibodin haka? Kada ku ɗauka tambayar banza ce. Kowane antibodi yana da baki na daban, wato wurin da yake cafke abokin gaba da shi, wanda jiki bai taɓa gani ba, domin ƙwayoyin da ke ƙera shi cakuɗa ƙwayoyin gado suke yi kamar mai yanka kati. Gano hakan ne ya ba Susumu Tonegawa na Japan kyautar Nobel a 1987. Ke nan kullum gidan cike yake da sababbin fuskoki, amma masu gadi ba sa ɗaga sanda.

Tarbiyya ce. Tun a ɓargo, da kuma wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos, ake tantance sojojin, wato ƙwayoyin garkuwar jiki. Wanda ya nuna zai ciji ɗan gida, ko dai a kashe shi, ko a sauya masa baki, ko a kashe masa kaifi. Gangar jikin antibodi kuwa kusan iri ɗaya ce, an saba da ita tun ana ciki. Sabon bakin nan ɗan kaɗan ne, kuma ba ya zuwa da alamar haɗari, saboda haka ba mai tayar da jama'a. Sannan akwai wasu ƙwayoyi masu raba faɗa da Shimon Sakaguchi ya gano a 1995, aikin da ya kai shi ga Nobel ta 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell.

Idan tarbiyyar ta kwance fa? Gwaggota tana fama da amosanin gaɓɓai, irin wanda garkuwa ke cin gidanta. A jininta an samu antibodin da ke kama 'yan'uwansa antibodi, abin da Erik Waaler na Norway ya bayyana a 1940. (A lura, ana samun sa a jinin wasu masu lafiya ma, musamman tsofaffi, kada gwaji ɗaya ya tayar wa kowa da hankali.) Maganin da likita ya ɗora ta a kai na rage zafin garkuwar ne, kuma sai da shi take iya riƙe carbi.

Da mai lasifikar nan zai ga yatsunta da asuba, kafin a ɗuma mata ruwan alwala, ban san me zai ce zai ninka mata ba.