Akwatin jin ra'ayi a wajen baje koli: madannai huɗu sun wadatar

Duk mai shirin ajiye na'urar jin ra'ayin jama'a a wajen baje koli, shawarata ya manta da kwamfutar hannu da fom mai tambayoyi goma. Wanda ya wuni yana zaga rumfuna ba zai tsaya rubutu ba. Tambaya ɗaya da manyan haruffa, sai madannai huɗu a ƙasanta, daga "ya yi sosai" zuwa "bai yi ba sam". Huɗu na ce, don in aka sa na tsakiya, nan mutane za su fake.

Kayan ba yawa: allon ESP32 (ƙaramar kwamfutar da za ta tafiyar da na'urar), madannai irin na injin wasa masu faɗin milimita 60 da fitila a ciki, agogon DS3231 da batirinsa CR2032, mazaunin katin microSD, fawa banki mai 10,000 mAh, da filawud mai kaurin milimita 12. Kowane madanni waya ɗaya ta tafi ƙafar allo (wurin jona waya a jikin ESP32), ɗaya ta tafi GND (ƙafar nagetif), a kunna INPUT_PULLUP a manhaja, tsarin da ke riƙe ƙafar a yanayi ɗaya har sai an danna. A guji ƙafafu 34 zuwa 39, ba su da wannan tsarin a ciki, sai ka ga na'ura tana ƙirga ƙuri'u ba wanda ya taɓa ta. A duba fitilun kafin a saya, da yawansu na 12V ne, ƙarfin da ya wuce wanda allon ke bayarwa.

Inda aikin yake shi ne ƙirge. Ƙarfen cikin madanni yakan ɗan yi rawa na 'yan milisakan kafin ya zauna, sai dannawa ɗaya ta zama uku. Maganin wannan, manhaja ta yi watsi da duk canjin da ya zo cikin milisakan 50. Amma wannan bai hana yaro ya tsaya yana dukan madanni ɗaya sau ashirin ba, kuma wallahi sai an samu mai yi. Don haka bayan kowace ƙuri'a fitila ta haska, na'ura ta kulle na daƙiƙa 4. Abin da aka danna a lokacin kullen kar a jefar, a rubuta shi da alama, daga baya zai nuna lokacin da aka mai da akwatin abin wasa.

Kar a dogara da intanet. Wi-Fi ɗin ESP32 a zangon 2.4 GHz yake aiki, zauren kuwa cike yake da wayoyin da ke cunkushe shi. Kowace ƙuri'a ta shiga kati a layinta: rana, lokaci, lambar madanni. A buɗe fayil, a rubuta, a rufe nan take, domin in wuta ta ɗauke fayil na buɗe, abin da bai sauka a kati ba ya tafi. Shi kuma DS3231 amfaninsa ke nan, yana riƙe lokaci ko an kashe na'ura.

Fawa banki na da wani hali da ke ba mutane mamaki: in abin da ake ja ya yi kaɗan, sai ya ɗauka caji ya cika ya kashe kansa. A nemi mai zaɓin zama a kunne, a gwada shi awa takwas a jere kafin ranar.

A ajiye akwatin kusa da ƙofar fita, madannan a tsayin kamar santimita 90 don mai keken guragu ya kai, a sa nauyi a gindi kar a ture. A nisanta shi da teburin ma'aikata, kunya ba za ta bar mutum ya danna "bai yi ba" ana kallonsa ba. Kuma kar a nuna sakamako a jikinsa, mai zuwa zai bi inda ya ga rinjaye.

Wajen karanta sakamako, a haɗa shi da adadin waɗanda suka shigo. Ƙuri'a 80 daga baƙi 100 daban take da 80 daga 2,000, kuma galibi wanda abu ya burge ƙwarai ko ya ɓata wa rai ne ke miƙa hannu ya danna.