Malaman da Amurka ke kora daga kwalejojin sojanta su ne masu kai hafsoshi Oxford

Tun da Pete Hegseth ya karɓi ma'aikatar tsaron Amurka a watan Janairun 2025, kwalejojin horar da hafsoshin ƙasar ba su sake samun sukuni ba. Mai bin labarai ya ji yadda aka rushe ƙungiyoyin ɗalibai 12 a kwalejin sojan ƙasa ta West Point cikin watan Fabrairu, ya kuma ji yadda aka kwashe littattafai 381 daga ɗakin karatun kwalejin sojan ruwa da ke Annapolis a Afrilu, kafin a mayar da akasarinsu bayan an yi ta ce-ce-ku-ce. Waɗannan duk sun yi ƙara. Abin da ya fi ci mini rai kuwa a hankali ake yin sa: matsa wa malamai farar hula lamba har su tattara nasu ya nasu. A kwalejin sojan sama ta Colorado Springs an fito fili da shirin rage su a cike gurbinsu da masu kaki. A West Point an soke fannin nazarin zamantakewa a matsayin fannin da ɗalibi zai ƙware a kai, wani malamin falsafa mai suna Graham Parsons kuma ya ajiye aiki a watan Mayu bayan fiye da shekara goma yana koyarwa.

Hujjar masu wannan shiri ita ce an kafa waɗannan makarantu ne don ƙera mayaƙa, su kuma malaman jami'a suna sanyaya wa yara gwiwa da surutun boko. Wanda ya san tarihin makarantun ba zai ɓata minti biyu a kan wannan magana ba.

A dubi tallafin karatu na Rhodes, wanda ake bai wa Amurkawa 32 kacal kowace shekara su je jami'ar Oxford a Birtaniya. In aka cire manyan jami'o'i irin su Harvard da Yale da Princeton, da wuya a sami makarantar da ta kai West Point yawan waɗanda suka ci shi. Wesley Clark shi ya zo na ɗaya a ajin 1966, ya wuce Oxford, ya dawo aka tura shi Vietnam inda aka harbe shi, daga baya ya zama babban kwamandan dakarun NATO daga 1997 zuwa 2000. Stansfield Turner da Dennis Blair daga Annapolis suka fito suka ci Rhodes. Na farko ya shugabanci hukumar leƙen asiri ta CIA a zamanin Jimmy Carter, na biyu ya jagoranci rundunar Amurka ta yankin Pasifik. Heather Wilson ta gama kwalejin sojan sama a 1982, ta yi digirin digirgir a Oxford, ta dawo ta riƙe muƙamin sakatariyar rundunar sojan sama daga 2017 zuwa 2019. A cikinsu wane ne littafi ya raunana? Shi kansa tallafin karatu na Marshall, da Birtaniya ta kafa a 1953, sunan Janar George Marshall yake ɗauke da shi, mutumin da ya fito daga kwalejin soja ta Virginia a 1901.

To amma jera sunayen waɗanda suka yi nasara abu ne mai sauƙi, kuma shi ne ma ke ɓoye gaskiyar lamarin. Jama'a na ganin hoton yaro cikin kaki an ce ya ci tallafin Rhodes ko na Marshall ko na Gates Cambridge, sai a ce ai haziƙi ne. Haziƙin ne, babu musu. Sai dai haziƙanci kaɗai ba ya cike takarda.

Ɗalibin West Point wata 47 yake yi a makarantar, kuma kusan babu sa'ar da take tasa. Da asuba fareti, da rana aji, da yamma wasanni na dole, hutun bazara kuma atisaye a daji. Takwaransa na Harvard yana da lokacin zama ya yi tunanin inda ya dosa, yana kewaye da mutanen da iyayensu da yayyensu suka bi wannan hanya. Shi kuwa ɗan kaki sau da yawa daga gidan da ba a taɓa ambaton Oxford ba ya fito. Wani ne zai tsayar da shi bayan an tashi aji, ya ce masa rubutun da ka yi makon jiya akwai wani abu a ciki, zo ofis mu yi magana. Wannan malamin ne zai ba shi littattafan da ba sa cikin manhaja, ya ja shi cikin bincike, ya yi ta musu da shi har yaron ya gane tambayar da ke damun zuciyarsa. In lokacin nema ya zo, masu Rhodes suna buƙatar amincewar makaranta da wasiƙun shaida biyar zuwa takwas, kuma wasiƙar da ke da nauyi ita ce ta wanda ya shekara biyu ko uku yana kallon yaron yana girma. Sannan ga gwajin ganawa, inda malamai ke zama su titsiye ɗalibi da tambayoyi, yau da gobe, kafin ya fuskanci kwamitin gaske a watan Nuwamba. Babu wanda ake ƙara wa albashi saboda wannan wahala.

Aiki ne irin na mai dashen dabino, yana buƙatar wanda zai daɗe a gonar. Nan ne kuwa tsarin da ake son kawowa ya karye. Mafi yawan hafsoshin da ke koyarwa a West Point zuwa suke yi su yi shekara biyu ko uku, rundunar ta mayar da su bakin aiki. Mutane ne masu daraja, kuma ɗalibai na buƙatar ganin wanda ya je fagen daga ya dawo. Amma kyaftin ko manjon da ya zo bara, zai tafi baɗi, yaushe zai san yaron tun yana ajin farko har ya rubuta masa shaida a ajin ƙarshe? Yaushe zai san malamin da ya dace da shi a jami'ar Cambridge? Masu riƙe wannan sani su ne tsirarun manyan hafsoshi na dindindin da kuma malamai farar hula, waɗanda a West Point ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba, a Annapolis kuma kusan rabi ne. Farar hular nan ake kora. Kuma su kansu hafsoshin da ake cewa za su maye gurbin, a jami'o'in farar hula rundunar ta biya musu kuɗin digiri na biyu kafin ta ba su alli. Hegseth ɗin ma a Princeton ya yi digirinsa na farko, na biyu kuma a Harvard. Bai dace wanda ya sha daga wannan rijiya ya hana yara masu shekara 21 kusantarta ba.

Wannan al'ada soja ne ya gina ta, ba wani ɗan boko daga waje ba. George Lincoln ya gama West Point a 1929, ya ci Rhodes, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsara dabarun yaƙi a ƙarƙashin Marshall lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da yaƙi ya ƙare, ya ajiye tauraronsa na janar ya koma muƙamin kanar don kawai ya dawo aji, ya shugabanci sashen kimiyyar zamantakewa har zuwa 1969. Ya ga da idonsa abin da jahilcin tarihi da tattalin arziƙi da al'adun wasu ƙasashe ke jawo wa mai bindiga. Janar David Petraeus, wanda ya yi digirin digirgir a Princeton a 1987, a wannan sashen ya koyar.

Masu cewa tura hafsa Oxford asarar kuɗin gwamnati ce su sani cewa kuɗin makarantar masu tallafin ne ke biya, hafsan kuma yana dawowa da ƙarin shekarun aiki a wuyansa bayan biyar ɗin da ke kansa tun farko. Masu tuna mana ko wane ne Cecil Rhodes, wanda ya kafa tallafin Rhodes, kuwa, mu 'yan Afirka ba ma buƙatar tuni: da lu'ulu'un Kimberley da ƙasar mutane ya tara dukiyar. Wannan muhawara ce mai zaman kanta, ba kuma ita ta sa ake korar malamai ba.

Me ya shafe mu? Hafsoshin da waɗannan makarantu ke yayewa su ne gobe za su zauna a rundunar Amurka mai kula da Afirka suna yanke shawara a kan Sahel. Na fi son wanda ya taɓa zama aji ɗaya da ɗan Ghana ko ɗan Pakistan aka ƙure shi a muhawara, a kan wanda bai taɓa jin komai ba sai umarni.

Majalisar dokokin Amurka ce ta buɗe ƙofar ƙara malamai farar hula a West Point da Colorado Springs a farkon shekarun 1990, ita ce kuma ya kamata ta kafa musu kason da wani sakataren tsaro ba zai taɓa ba. Tsofaffin janar-janar da suka ci moriyar waɗannan malamai su buɗe baki, shirun ya isa. Mu ma a gida akwai tambayar da ta cancanci a yi: kwalejin horar da hafsoshin Najeriya (NDA) ta Kaduna tana ba da digiri tun 1985, Rhodes kuma yana da gurbin Afirka ta Yamma da 'yan Najeriya da Nijar da Ghana ke iya nema. Hukumar kwalejin ta fito ta faɗa mana malamin da ta ɗora wa alhakin zaƙulo ɗaliban da za su nema, da kuma ko rundunar za ta sake su su tafi in sun ci.