Wanda ya zo taimakon makaranta ba shi ya kamata ya biya kuɗin bincikensa ba

A ce wata uwa ta samu sarari da safe, ta je makarantar 'yarta ta ce za ta riƙa zuwa sau ɗaya a mako tana sauraron ƙananan yara suna karatu. Ba ta nemi ko sisi ba. Sai a ce mata sai an binciki tarihinta tukuna, a ga ko an taɓa kama ta da laifi, musamman wanda ya shafi yara. Za ta yarda, tunda tata 'yar ma a cikinsu take. Inda ake ɓata rawa da tsalle shi ne a ce mata kuɗin binciken daga jakarta zai fito. Makarantu da dama a duniya haka suke yi, kuma a ganina kuskure ne babba.

Binciken kansa ba ni da ja a kansa, don ba da wasa aka kai ga shi ba. A 2002 Ian Huntley, mai kula da ginin wata makaranta a garin Soham na Ingila, ya kashe yara mata biyu 'yan shekara goma. Daga baya aka gano an sha kai ƙararsa ga 'yan sanda a wani yanki kan zargin lalata da 'yan mata, amma labarin bai isa ga waɗanda suka ɗauke shi aiki ba. A Amurka kuma, a 2012 kotu ta samu Jerry Sandusky, tsohon mataimakin koci a jami'ar Penn State, da laifuka 45 na cin zarafin yara maza, kuma ta hanyar gidauniyar taimakon yara da ya kafa da kansa ya riƙa samun su. Mugu ya san ƙofar taimako ita ce ba a cika tsarewa ba.

To amma amfanin wa binciken yake yi? Wannan uwar ta riga ta san ba ta da laifi, takardar ba za ta gaya mata wani sabon abu ba. Masu amfana su ne yaran, da iyayensu, da makarantar da za a ɗora wa alhaki idan wani abu ya faru. Makaranta ba ta karɓar kuɗin katanga ko na maigadi daga hannun baƙon da ya shigo, domin tsaron yara nauyinta ne. Tantance wanda zai zauna da su ma tsaro ne.

Abin da ya fi damuna shi ne irin mutanen da kuɗin ke kora. Mai mugun nufi ba ya jin ciwon biya. Ko ninka masa aka yi zai miƙa da murmushi, tunda abin da yake nema ya fi masa kuɗin. Wanda zai juya ya koma gida shi ne kakan da ke rayuwa da ɗan fansho, da ɗalibar da ke son gwada koyarwa, da uwar da ke lissafin abin da zai kai ta ƙarshen wata. Ba za su yi ƙorafi ba, kunya ba za ta bar su su ce ba su da shi ba. Sai dai a ga sun daina zuwa. Makarantar unguwar marasa ƙarfi, wadda ta fi kowace buƙatar ƙarin hannu, ita ce za ta fi rasa su. Ga mari ga tsinka jaka: an nuna wa mutum ana shakkarsa, sannan an caje shi kuɗin wanke kansa.

Wasu gwamnatoci sun gane haka. A Ingila, hukumar DBS mai binciken tarihin laifukan mutane, da aka kafa a 2012, ba ta karɓar kuɗin bincike daga masu aikin sa-kai, ko da yake kamfanonin da ke shiga tsakani kan karɓi ladan cike takardu. A jihohin New South Wales da Victoria na Ostireliya ma kyauta ne gare su. Jihar Pennsylvania, inda abin Sandusky ya faru, ta yi doka a 2014 da ta wajabta binciken ga masu aikin sa-kai da yara, kowace takardar jiha dala 10. A 2015, zamanin gwamna Tom Wolf, aka yafe musu kuɗin takardun jihar guda biyu. Sai dai an bar wani giɓi: wanda bai shekara goma a jihar ba dole ya yi binciken zanen yatsu na FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayyar Amurka, shi kuwa ba kyauta ba ne. Wato nauyin ya koma kan sabon zuwa, wanda ya fi kowa buƙatar a jawo shi cikin harkar makaranta.

Shugabannin makarantu za su ce kasafinsu bai kai ba, kuma gaskiyarsu ne. Shi ya sa nake ganin gwamnati ce ta farko a layin biya. Bayanan da ake dubawa a hannun 'yan sanda da kotuna suke, da kuɗin haraji aka tattara su, kuma ita ce ta kafa dokar. Idan ba ta ɗauka ba, hukumar ilimi ta ɗauka. Akwai kuma hanyar rage kuɗin tun daga tushe. Ingila ta dakatar da wani shiri a 2010 da zai sa miliyoyin masu aiki da yara yin rajista, sannan wata doka ta 2012 ta bambanta wanda ke aiki a ƙarƙashin idon malami da wanda za a bar shi kaɗai da yara. Uban da ya zo rana ɗaya jera kujeru ba daidai yake da wanda zai kwana da ɗalibai a wata tafiya ba. Haka nan takarda ɗaya ta isa a karɓe ta a makarantu da yawa, maimakon kowace ta sa a sake.

Akwai wani haɗari kuma da ba a cika faɗa ba. Idan mai aikin sa-kai ne ya biya ya kawo takarda, makaranta takan jefa ta cikin fayil ta ɗauka ta sauke nauyi. Alhali takardar ba ta nuna kowa sai wanda aka taɓa kamawa. Sandusky ya shafe shekaru yana ɓarna ba tare da wani hukuncin kotu a kansa ba, da an bincike shi a lokacin da fes zai fito. Makarantar da ta ɗauki tantancewa a matsayin aikinta ita ce za ta tuna da sauran matakan: kada babba ɗaya ya keɓe da yaro a rufaffen ɗaki, a tuntuɓi waɗanda suka san mutumin, a kuma sanar da kowane yaro sunan malamin da zai je wa idan wani ya yi masa abin da bai gane ba.