Ashanar Bouazizi da masu kwaikwayo

Wallahi abin da ke ɗaure min kai shi ne duk lokacin da aka taso da maganar boren ƙasashen Larabawa sai ka ji ana kuranta Mohamed Bouazizi kamar ashanar da ya ƙyasta ce ta kori Ben Ali, shugaban Tunisiya na lokacin. Yaro ne ɗan shekara 26 mai tura baro yana sai da kayan marmari a garin Sidi Bouzid na Tunisiya, jami'ai suka ƙwace masa kaya, ya je ofishin gwamna ko kallo bai ishe su ba, ranar 17 ga Disamba 2010 ya cinna wa kansa wuta. Ya rasu 4 ga Janairu 2011, bayan kwana goma Ben Ali ya arce Saudiyya.

To daga nan ne fa matsalar. Cikin watan nan na Janairu sai ga masu kwaikwayo suna cinna wa kansu wuta, wasu a Aljeriya, wani mai gidan abinci a ƙofar majalisar Masar, wani a Nouakchott babban birnin Muritaniya, kowa na ganin shi ma in ya yi gari zai tashi. Har sai da Azhar ta fito ta tuna wa mutane kashe kai haramun ne. Kuma me ya canza? Bouteflika, shugaban Aljeriya na lokacin, yana nan daram har 2019, kuma abin da ya sauke shi mutane ne da suka dinga cika titi duk Juma'a da ransu da lafiyarsu, a Tunisiya ma ai lauyoyi da ƙungiyar ƙwadago ta UGTT da matasan da suka sha harsashi a Kasserine da Thala su ne suka yi aikin, amma su ba a cika tuna su ba.

Ni ba hukunci nake yanke wa kowa ba, Allah kaɗai ya san ƙuncin da ya kai bawa can. Haushina yana kan masu yaɗa hoton Bouazizi suna rubuta "gwarzo" suna kwance a ɗaki da waya, ba su san wa ke karantawa ba, ƙila wani ne da bashi da rashin aiki suka riga suka gama da shi, kai kuma ka nuna masa ga hanyar da duniya za ta san sunansa. A Disambar 2018 ma wani ɗan jarida ya sake yi a Kasserine, aka yi 'yan kwanaki ana arangama da 'yan sanda, kowa ya koma gida, iyalinsa aka bari da zaman makoki.