A auna babur kafin a taɓa masa kafireto

A nan Faransa inda nake zaune, da wuya ka ga sabon babur mai kafireto a shago. Tun da dokar hayaƙi ta Euro 4 ta hau kan sababbin babura a 2017, kusan duk kamfanoni suka koma tsarin da kwamfuta ke auna mai tana fesa wa inji. Daga watan Afrilun 2024 kuma babur ma sai ya je gwajin lafiya kamar mota. Bakanike a nan ba ya ɗaukar sifana sai ya jona na'ura ya karanta, abin da ya lalace kuma canza shi yake yi, ya caje ka kuɗin aiki awa-awa.

A can wajenmu, Garwa, Marwa da Kusiri na Kamaru da Injamena ta Chadi, lamarin daban yake. Yaron gareji zai kwance injin Boxer ko Haojue a gindin darbejiya, ya sake naɗa kwayil da hannu, ya mayar da komai kafin la'asar. Wajen gwanintar hannu, namu sun fi na nan nesa ba kusa ba. Abin da ke damuna shi ne a wajenmu duk ciwon babur kafireto ake ɗora wa, kuma maganin kullum ɗaya ne, a danne mai.

Na san dalili. Tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a 2023, man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga da ake sayarwa a kwalba, ya daina araha, ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, kuma lissafin kowace lita yake yi. Sai ya ce wa maigareji, "Maigida, a rage mini shan mai." Shi kuma ya ɗaga makamin allurar kafireto zuwa gurbin sama, ya murɗa sukurun silo mai auna mai da iska, wani ma ya sa ƙaramin jet, wato ƙarfen mai ramin da mai ke bi. Babur ya rage sha, kowa ya yi murna. Amma waɗannan injuna iska ce kaɗai ke sanyaya su, kuma man da ke shiga silinda yana ɗauke wani kaso na zafi. Ka rage shi a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ga fasinja biyu da buhu a baya, to bawul ɗin salansa ne zai fara ƙonewa, ringi ya biyo, wani lokaci kan fistan ya huje. Abin da aka tara na mai a wata uku, aikin inji ɗaya ya cinye shi.

Fulogi, wanda muke ce wa buji, ba ya ɓoye gaskiya. Ka yi tafiya mai ɗan nisa, ka kashe inji ba tare da barin shi a silo ba, ka ciro shi. Idan bakinsa launin ƙasa-ƙasa ne kamar shayi da madara, awo ya yi daidai. Fari tas yana nufin mai ya yi kaɗan, kuma za ka ji salansa na harbi idan ka saki totur. Baƙi busasshe mai toka yana nufin mai ya yi yawa ko iska ta toshe. Baƙi mai danshin maiƙo kuwa ba ruwan kafireto, baƙin mai ne ke haurowa ta ringi ko ta robar bawul. Tazarar bakin fulogi milimita 0.6 zuwa 0.7 ce a yawancin ƙananan baburanmu.

Kafin a taɓa sukurun kafireto ko ɗaya, a fara da bawul, kuma inji na sanyi. Injuna irin na Honda CG 125 tazararsu milimita 0.08 ce, ƙananan masu kwantaccen silinda kuwa galibi 0.05. Da ganyen awo ake sa wannan, ba da kunne ba. Bakanike da yawa suna matse bawul don ƙarar ta ɓace, mai babur ya ji daɗi. Bawul mai ɗan ƙara ya fi matsattse lafiya, domin matsattse ba ya zama daram a mazauninsa idan ƙarfe ya ɗau zafi, sai matsi ya zube, babur ya ƙi tashi da zafi, ya riƙa mutuwa a silo. Wannan ne ciwon da aka fi zaluntar kafireto a kansa.

Sai matatar iska. A lokacin hunturu, ƙurar Marwa kan toshe ta cikin 'yan kwanaki. Ta soso a wanke ta da kananzir, a matse ba tare da murɗewa ba, ta bushe, a shafa mata baƙin mai kaɗan. Ta takarda ba a wanke ta, canzawa ake yi. Masu cire ta gaba ɗaya wai don babur ya yi gudu, yashi suke ɗura wa silinda. A kuma duba robar da ke tsakanin kafireto da inji. Zafi na tsattsaga ta, iska ta riƙa satar hanya, silo ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai. Man kwalba kuma a tace shi da ƙyalle mai kyau, a sa ƙaramar matata a tiyo, a riƙa kwance sukurun gindin kofin kafireto ana zubar da ruwa da dattin da suka kwanta.

Idan duk wannan ya yi daidai, sannan a zo kan kafireto. A wanke jet da mai da iska mai ƙarfi, kada a zura masa allura ko waya, tagulla ce mai laushi, ramin zai faɗaɗa. Makamin allura ya koma gurbin tsakiya. Sukurun silo a rufe shi a hankali har ya taɓa, a buɗe zagaye ɗaya da rabi, a bar inji ya ɗumama, a riƙa juya shi rubu'in zagaye a kowane karo har a sami inda inji ya fi tafiya sumul. A lura da wurin da yake: idan yana ɓangaren matatar iska, buɗe shi ƙara iska ne, idan yana ɓangaren inji, buɗe shi ƙara mai ne. Da yawa ba su bambance wannan ba. Babur ɗin da aka daidaita a Garwa kuma, in ya hau Ngaundere da ke sama da mita 1,000, zai ɗan yi nauyi saboda iskar can ba ta da kauri. Wanda aka danne wa mai a Ngaundere ya gangaro Garwa, shi ne ke cikin haɗari.

Wajen wuta ne na fi son mu kwaikwayi mutanen Faransa. Mitar auna lantarki ba ta kai kuɗin sabon batir ba. Batir lafiyayye a kashe yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. Inji na aiki an ɗan ja totur, ya kamata a ga 13.5 zuwa 14.5. In ya haura 15, regileta mai daidaita caji ta mutu, ita ce ke ƙona ƙwan fitila tana busar da ruwan batir. In bai motsa daga 12 ba, a duba kwayil ɗin caji da mahaɗar wayoyi kafin a sayi komai. Masu ƙara fitilu, oda mai ƙarfi da cajar waya su ja layinsu daga bayan makulli, su sa masa fis nasa, su haɗa waya da dalma maimakon murɗawa a naɗe da leda. Fis kuma idan ya ƙone, wani wuri ne waya ke taɓa ƙarfe, a nemo shi, kada a maye gurbinsa da zaren waya.

Akwatin CDI, wanda ke sarrafa tartsatsin fulogi, iri biyu ne, mai shan wuta daga kwayil ɗin magineto da mai sha daga batir, kuma soket ɗinsu kan yi kama da juna. Sa wannan a gurbin wancan kan hana tartsatsi ko ya ƙone akwatin. Kafin a ce CDI ya mutu, a cire wayar kashe inji, wadda a wayarin irin na Honda baƙa ce mai ratsin fari, a buga kik. Idan tartsatsi ya dawo, laifin na makulli ne ko maɓallin kashewa.