Iska ai iska ce, in ji mai shayi

Kun dai san injin nan da Yaya ya kawo daga China, mai yanka ƙarfe da haske, faiba leza, wanda sai da muka fasa bangon atelye kafin ya shiga. Kun san kuma ni aka ɗora wa sha'anin gas, wai don ni na yi lakkol. To ga yadda aka yi ranar aikin Alhaji, tunda kowa a Sabon Gari ya ba da nasa labarin, har da waɗanda a ranar suna Mirriah.

Hasken nan ba shi kaɗai ke yanka ba. Shi narkar da ƙarfe kawai yake yi, sai gas ya fito ta ɗan bakin jan ƙarfen nan ya hure narkakken zuwa ƙasa. Baƙin ƙarfe mai kauri oksijen ake sa masa, kuma ba ya son matsi, wani lokaci ko bar ɗaya (ma'aunin matsin gas ke nan) bai kai ba, don aikin zuga-zugin maƙera yake yi, ƙarfen da kansa ke ci da wuta. Illarsa ya bar baƙin ɓawo a gefe, in ba a kankare ba fenti ba ya zama. Inoks kuwa, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, da sanholo azot suke so, wanda 'yan Kano ke ce wa naitirojin. Shi ba ya ƙona komai, turi kawai ya iya, shi ya sa sai an ba shi bar 15 har 20, gefen ya fito fari tas.

Matsalar azot ci. Butel, wato tukunyar gas, mai lita 40, in an cika shi bar 150, mita kubik 6 ke ciki. Injinmu in ya kama inoks, kafin mai shayi ya sauke zagaye na biyu allurar agogon ta kwanta. Kuma daga Kano ake kawo mana, tafiyar sama da kilomita 200, ga boda, ga kuɗin mota. Ranar da Alhaji zai zo a yanka masa farantin ƙofa, inoks milimita 3, butel ɗinmu na ƙarshe ya ƙare tun hantsi. Yaya ya tafi suna.

Ina zaune na rafka tagumi sai mai shayin ƙofar atelye, wannan dai da kuka sani mai hular sanyi ko a watan Afrilu, ya miƙo min kofi ya ce, "Injiniya, ba kai ka ce mana iskar da muke shaƙa kusan duk azot ce ba? Ga kompresan Baba mai faci can yana zaman banza. Iska ai iska ce." Ina so ku riƙe wannan maganar, don daga baya ya rantse bai faɗe ta ba.

Kuma maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, abin da ke ƙona min rai ke nan. Kashi 78 na iska azot ne, kashi 21 oksijen. Ana yanka tol, wato farantin ƙarfe, marar kauri da iska a ko'ina, gefen inoks ya ɗan yi rawaya-rawaya, shi ke nan. Amma da kompresa irin mai sukuru da ke ba da bar 16 ba ya sauka, da na'urar busar da iska, da matatai a jere masu tare mai da ruwa da ƙura. Na sha gaya wa Yaya mu saya, ya ji kuɗin ya ce injin ma bai gama biyan kansa ba. Na Baba kuwa mai fistan ne, in ya yi zuciya ya kai bar 8. Ga shi muna tsakiyar Agusta, iska jiƙe take sharkaf.

Muka jawo kompresan Baba da yara, muka haɗa tiyo da waya da robar tayar keke.

Alhaji ya iso bayan la'asar cikin shadda fara sol, sabuwa, tana ƙara in ya motsa. Da direbansa, da ɗansa ɗan jami'a, da wasu abokai biyu da ya kwaso su ga injin da ke rubutu da haske. 'Yan kabu-kabu suka tsaya, almajirai suka cika ƙofa, kowa ya ɗaga waya. Na gyara tabarau, na ce a matsa baya don lafiyar ido, na danna.

Rubutun "GIDAN ALHAJI" ne. G ta fita, ta faɗo ƙasa ƙwal, aka yi kabbara. I ma ta fita. Ana cikin D sai na ga allura ta sauko daga 8 zuwa 5, kompresan Baba ya tashi da tut-tut-tut yana rawa har yana matsawa daga inda aka ajiye shi. Tartsatsin da ya kamata ya zuba ƙasa ya fara tashi sama. Sai bakin injin ya yi wani tari, ya tofo ruwa ruwan ƙasa a kan farantin Alhaji, wurin ya ɗauki warin baƙin mai. Injin bai san komai ba, ya ci gaba da zagaya A da N da sauran, yana zana su baƙi ƙirin, ko ɗaya bai huda ba.

Shiru. Har kompresan ya mutu don kansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, haka yake yi, sai ya huce suke faɗowa." Ban san inda na samo wannan ba. Muka tsaya muna jiran su faɗo. Wani almajiri ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin teburin. Na ɗauko ƙaramar guduma na ɗan ƙwanƙwasa D, ta lotsa, ba ta fita ba.

Alhaji mutum ne mai kawaici, wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Da farantin ya huce ya sa hannu biyu ya ɗaga shi yana duba hasken ƙofa ta cikin G da I, ya ce, "Ɗana, GI ke nan?" Bayan farantin kuwa duk kashin maƙera ne ya daskare, tsini-tsini. Yana saukewa ya kama gaban shaddar. Ya ja, ta riƙe. Direba ya zo zai taimaka ya kama ta ɗaya gefen. Na ce a tsaya a tsaya, na durƙusa gaban Alhaji ina cire zare ɗaya-ɗaya da farce, shi yana riƙe da faranti a ƙirji, ni ina ƙasa ina gumi, wayoyi na kaina. Na kusa gamawa wani daga baya ya yi atishawa, Alhaji ya juya. Kyaaat. Tun daga aljihu har gwiwa.

Ɗan jami'ar bai ce uffan ba, ya zo ya ce in zaro aljihun gilashin kariya da ke cikin kan injin. Na zaro. Ɗan gilashin nan da ko da yatsa ba a taɓa shi, ya yi hazo, ga tabo baƙi a tsakiya inda mai ya zauna haske ya soya shi. Ya ɗaga wa jama'a su gani, sannan ya taka wurin kompresan ya murɗa ɗan famfon da ke ƙarƙashin tankin. Ruwan tsatsa da mai ya yi ta zuba har ya gangara ƙofa. Baba ya ce shi tunda ya sayi kompresan bai san akwai famfo a wurin ba, kuma wa ya ba yaron izinin taɓa masa kaya.

Na waiga neman mai shayi. Yana can yana fifita gawayi, ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Ni dama na ce masa iska iska ce, amma ban ce ta Baba ba." Mutumin da ya riƙe tiyo da hannunsa lokacin da nake ɗaurewa! Shi ne kuma ya fara kirana Injiniya Faci, yanzu har yaran makarantar allo sun ɗauka. Mutumin nan fa kofinsa uku ne kacal, a ruwa ɗaya yake ɗauraye su tun safe, sukarinsa kuma sai ka roƙa. Bashin da yake cewa yana bina, rabi shayin abokansa ne da yake rubutawa da sunana. Ko sati ba a yi ba ya ga ina fama da agogon butel ɗin oksijen ya ƙi murɗuwa, ya ce in ɗiga masa ɗan man inji. Mai a kan oksijen mai matsi! Da na bi ta tasa da yanzu ana zaman makokinmu ni da shi da Baba.

Baba kuma ya aiko a biya shi kuɗin haya, da na gyara, wai tunda aka zubar masa da ruwan tanki kompresan ya canza murya.

Yaya ya biya shaddar, ya biya farantin, bai yi min magana ba sai ta bakin matarsa. Yanzu ya yarda za a sayi kompresa mai na'urar busarwa, sai dai an ce gurup ɗinmu, wato janareta, ba zai ɗauke shi tare da injin ba, to ana nan ana shawara. Ni dai na koma shan shayi a tsallaken titi. Na can ɗin ma ba daɗi.